Shagunan Kwamfuta Masu Cike Fom ɗin Neman Aiki a Kaduna: Inda Suka Iya da Inda Suke Kwafsawa

Ranar da aka buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda ko na Sibil Difens, ba sai an gaya maka ba. Ka bi ta titin Poly a Tudun Wada, ko bakin Jami'ar Jihar Kaduna a titin Tafawa Balewa, ko ka shiga layukan Kawo da Rigasa, za ka tarar da matasa cirko-cirko a ƙofar shagunan kwamfuta, kowa da ambulan ruwan ƙasa a hammata. Waɗannan shaguna, da wasu ke kira kafe wasu kuma bizines santa, su ne ƙofar farko da mai neman aiki ke ƙwanƙwasawa a yau. Lokacin da masaƙun Kakuri ke numfashi, bakin get ɗin masana'anta ake zuwa da wasiƙa a hannu. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe ƙofa a 2007, kuma tun daga nan hankalin jama'a ya ƙara komawa kan aikin gwamnati da na ɗamara. Su kuwa waɗannan yanzu ba sa karɓar takarda hannu da hannu, sai ta intanet. Wanda ba shi da kwamfuta, ko yake jin tsoron ya taɓa wani abu ya ɓata, dole ya nemi mai shago.

A ido, abu ɗaya shagon ke sayarwa: a cike maka fom. Amma ayyuka ne daban-daban aka ɗaure a ƙunshi guda, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Aikin na'ura sun iya shi, wasu ma sun ƙware ƙwarai. Rubuta CV sai a hankali. Wajen riƙe bayanan mutum kuwa, nan ake yin ɓarin da ba ya kwasuwa.

Aikin na'ura shi ne dalilin da ya sa kuɗin da ake ba su bai tafi a banza ba. Kusan kowane shafin ɗaukar aiki yana da iyakar nauyin da yake karɓa. Wani zai ce kada hoton fasfo ya wuce kilobayit 50, wani 100, takardun shaida kuma a haɗe su cikin PDF guda da bai wuce 'yan ɗaruruwan kilobayit ba. Hoton da wayar hannu ke ɗauka kuwa yakan kai megabayit biyu zuwa biyar, shi ya sa shafin ke ta dawo da shi, mutum ya ɗauka netwok ne. Yaron shago da ya san hannunsa zai ɗora takardar a kan sikana, ya saita kaifin hoton, wato dpi, tsakanin 150 zuwa 200, ya zaɓi baƙi da fari in ba a ce lallai sai mai launi ba, ya yanke gefe-gefen da ba rubutu, nauyin ya sauko ba tare da rubutun ya dusashe ba. Wanda bai iya ba sai ya ɗauka da waya a kan benci, inuwar hannunsa a kan takardar, sannan ya matse hoton har lambar jarrabawa ta koma kamar tafiyar tururuwa. Shafin zai karɓa, amma jami'in da zai duba ba zai iya karanta komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a ɗora, ka ce a buɗe maka takardar a kan allo, a faɗaɗa ta, ka karanta lambar jarrabawarka da shekarar da idonka. In ka ƙyafta ido kafin ka gane, a sake.

Shagunan da ke kewayen Poly da jami'a sun fi na cikin unguwa a wannan fanni, don sun saba da buga furojet ɗin ɗalibai, injinansu na aiki kullum, kuma galibi suna da janareta ko sola. Na cikin unguwa sun fi kusa, sun fi sauƙin layi, sai dai da yawa injin guda ke yi musu sikanin da fotokwafi da bugu, in tawada ta yi ƙasa silif ɗinka, wato takardar shaidar ka cike fom, zai fito da farin zane a tsakiyar hoton. Silif mai irin wannan zane yana iya jawo maka magana ranar tantancewa.

Abu ɗaya da ya kamata a ƙi ko da mai shago ya nace shi ne laminatin ɗin takardun asali. Leda mai zafi tana danne hatimin da aka matsa a jikin takarda, kuma in ta kama ta kama ke nan, cire ta sai da yaga. WAEC ba ta sake buga satifiket ga wanda nasa ya lalace, sai dai takardar tabbatarwa ko kwafin intanet da ta fara bayarwa a 2022. Fayil mai aljihun leda ya wadatar. In ana son laminatin, a yi wa fotokwafi.

Sai CV, wanda a nan ne yawancin shagunan ke karɓar kuɗin abin da ba su yi ba. Abin da ke faruwa a fili yake. A cikin kwamfutar akwai wani tsohon CV da aka yi wa wani shekaru da suka wuce. In ka zo, a buɗe shi, a goge sunansa a sa naka, a canja makarantu da shekaru, a buga. Shi ya sa mai ɗaukar aiki a Kaduna zai tara CV hamsin ya tarar arba'in daga ciki abin sha'awarsu ɗaya ne, karatu da tafiye-tafiye, kuma duk burinsu a rayuwa jimla ɗaya ce da aka kwafo kalma da kalma. Wani lokaci ma a manta a bar lambar wayar mai CV na farko a ƙasan shafi na biyu, ko a bar fayil ɗin da sunan wancan mutumin. Kai kana gida kana jiran kira, kiran yana zuwa wa wani.

Laifin ba na yaron shago ne shi kaɗai ba. Shi mai buga rubutu ne, bai san aikin da ka yi ba, kuma akwai mutum goma a bayanka. Abin da ka ba shi zai buga. Don haka ka zo da rubutunka daga gida, ko da da Hausa ne a takardar makaranta, ka zauna kusa da shi. Kuma abin da ke sayar da mutum a CV ba sunan muƙami ba ne, abin da hannunsa ya yi ne. Wanda ya yi aikin sito a kamfanin rarraba kaya, rubuta "mai kula da sito" kawai bai faɗi komai ba. A rubuta cewa shi ke karɓar kaya daga tirela, yana lissafin shiga da fita a Excel, yana ƙidayar kaya duk ƙarshen wata, da adadin leburorin da ke ƙarƙashinsa. Malamin makaranta ya faɗi ajin da ya koyar, da darasin, da ko yana da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, wadda yanzu ake tambaya a guraben koyarwa na gwamnati. Direba ya faɗi ajin lasisinsa da irin motar da ya tuƙa da hanyoyin da ya saba bi. Kowane aiki a sa watan farawa da shekara, da watan gamawa, a fara da na baya-bayan nan.

Akwai kuma bambancin da shagunan ba sa kula da shi, tsakanin takardar da za ta je gwamnati da wadda za ta je kamfani ko ƙungiyar agaji. A aikin gwamnatin tarayya, jiha da ƙaramar hukumar asali abu ne mai nauyi saboda tsarin raba daidai da Hukumar Daidaito a Ɗaukar Ma'aikata ke sa wa ido. A kamfani mai zaman kansa kuwa, cika rabin shafin farko da addini da ƙabila da aure da sunan gunduma ɓata wuri ne, don mai dubawa ba zai ba ka fiye da ɗan lokaci kaɗan ba, kuma abin da ya fara gani shi zai yanke hukunci a kai. Shafi biyu sun isa, sabon mai digiri ma ɗaya ya ishe shi. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a buga CV a takarda, sannan a yi masa sikanin a tura. Manyan kamfanoni da dama na amfani da manhajar da ke karanta rubutun CV ta tace kafin ɗan Adam ya gani, kuma CV da aka yi wa sikanin hoto ne a wurinta, sau da yawa ba ta iya karanta rubutunsa. Daga Word a mayar da shi PDF kai tsaye. Ka kuma ce a ba ka na Word ɗin a imel ɗinka, ba PDF kawai ba. Wasu shagunan da gangan suke riƙe shi don duk gyaran layi ɗaya ka dawo ka sake biya.

Wanda aka sallama daga aiki ya fi kowa shan wahala a hannun mai buga CV, domin shawarar da aka fi ba shi ita ce ya ja shekarar barin aikin gaba don ya rufe giɓi, ko ya goge wurin gaba ɗaya. Shawara ce mara kyau. Banki da manyan kamfanoni suna rubuta wa tsohon wurin aiki, kuma bayanin asusun fansho yana nuna watan da aka daina zuba kuɗi. Rage ma'aikata ba abin kunya ba ne a garin da ya ga rufewar masaƙu, ya kuma ga yadda a 2017 gwamnatin jiha ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka raba su da aikinsu. A rubuta shekarun gaskiya. In bayan nan mutum ya yi sana'ar POS, ko noma, ko koyarwa a Islamiyya, ko tuƙin Keke Napep, a sa shi a matsayin aiki, tare da abin da ya ƙunsa. Giɓin da aka bar shi fayau ya fi jawo tambaya a intabiyu.

Tun da an zo kan wanda aka sallama, akwai takarda guda da ya kamata ya fara yi wa sikanin kafin CV: wasiƙar sallamar kanta. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aikinsa, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusunsa na fansho ba. Kamfanin fanshon zai nemi wannan wasiƙa, da shaidar haihuwa, da hoton fasfo, da bayanin asusun banki. Da yawa sukan bar wurin aiki cikin fushi ba su karɓi wasiƙar ba, ko a sallame su da baki. Wannan neman ba aikin kafe ba ne, ofishin kamfanin fanshonka za ka je da ƙafarka, kuma ba a biyan ko kwabo. Duk mai shagon da ya ce zai fito maka da kuɗin a ba shi kaso, ka ɗauki takardunka ka fita. In kuma rigimar haƙƙin sallama ce, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna, kuma abin da za ta fara dubawa shi ne wasiƙar ɗaukar aiki da ta sallama da takardun albashi.

Wurin da shagunan suka fi cutar da mutane, galibi ba da niyya ba, shi ne imel da lambar waya. Layi ya yi tsawo, mai neman aiki ba shi da imel ko ya manta kalmar sirrinsa, sai yaron shago ya ce, "Oga, bari in buɗe maka sabo sharp-sharp." Ya buɗe, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, lambar da za a dawo da asusun da ita ma tasa ya sa. Wani ma imel ɗin shagon yake sa wa kowa. An gama, an buga silif, kowa ya tafi yana murna. Bayan wata huɗu ko shida a fitar da sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar kwamfuta, a tura gayyata ta imel da saƙon waya, ko a ce kowa ya shiga shafin ya buga takardar gayyatarsa. A lokacin yaron ya bar shagon, ko ya koma makaranta, ko shagon ya zama na sayar da caja. Mutum ya cancanta, an zaɓe shi, amma ranar jarrabawa ta wuce bai sani ba. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: ka buɗe Gmail ɗinka a wayarka tun a gida, da sunanka na gaskiya ba laƙabin Facebook ba, ka rubuta kalmar sirrin a takarda ka adana. A shago, in an zo wurin kalmar sirri, ka ce a ba ka allon rubutun ka buga da hannunka. Lambar wayar da za a sa ta zama wadda ke haɗe da NIN ɗinka kuma kake amfani da ita kullum, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani.

Sai maganar suna, wadda ta fi damun Hausawa fiye da kowa. Mutum ɗaya ne, amma a WAEC Mohammed ne, a NIN Muhammad, a BVN Muhammed, a takardar firamare kuma an gajarce shi. Aisha a nan, Aishatu a can. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a wata takarda, a wata babu. Ga rikicin wane ne sunan farko wane ne na mahaifi, wanda yaron shago ke juyawa yadda ya ga dama. Sunaye masu alamar ɗauri kamar Mu'azu da Sa'adatu ma wasu shafukan ba sa karɓarsu sai an cire alamar. Shafukan yanzu da dama suna janyo sunanka da ranar haihuwarka kai tsaye daga NIN da zarar an buga lambobin nan 11, kuma ba a iya gyara su a wurin. In abin da ya fito ya saɓa wa satifiket ɗinka, matsalar ba za ta bayyana a shago ba, sai ranar tantancewa. Shago mai kyau zai jera takardunka a kan tebur, ya kwatanta su kafin ya taɓa kwamfuta, ya ce maka, "Malam, wannan da wannan ba su zo ɗaya ba, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tukuna." Wannan dubawar ta minti biyu ita ce babbar alamar da ake gane shagon ƙwarai da ita, kuma kaɗan ne ke yi. Gyara a NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, na ɗaukar lokaci, na ranar haihuwa ya fi na suna tsada da wahala, don haka ba abin da za a fara ba ne ana saura kwana uku a rufe shafi. Matar da ta koma amfani da sunan miji tana buƙatar takardar rantsuwa da sanarwar jarida, su ma a yi musu sikanin tare da sauran.

Ka kula da wurin ranar haihuwa. Wani shafin rana yake fara tambaya, wani wata. Wanda aka haifa 5 ga Maris yana iya komawa 3 ga Mayu cikin ƙiftawar ido. Kuma yawancin shafukan ɗamara NIN ɗaya fom ɗaya ne, in an danna turawa an rufe ƙofar gyara, sake cikewa kuma yana iya sa a soke duka biyun. Saboda haka "bar takardunka ka dawo bayan La'asar" ba tayin da za a karɓa ba ne. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tsaya a karanta maka shafin ƙarshe layi-layi kafin a tura.

Shago mai tsoron Allah zai kuma gaya maka in ba ka cika sharaɗi ba, maimakon ya karɓi kuɗinka. A ɗaukar kuratan 'yan sanda an saba neman shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama da bai wuce biyu ba, tsayin mita 1.67 ga maza, 1.64 ga mata. Mai shekara 29 da aka rage masa shekaru a fom, alhali NIN ɗinsa na faɗin gaskiya, kuɗin mota kawai zai ɓata.

Game da farashi, ba shi da tsayayyen ƙa'ida. Yana hawa da kuɗin fetur, yana hawa da tsawon layi, kuma a kwanakin ƙarshe na rufe shafi yakan ninka. A yi ciniki kafin a fara, a kuma fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa: sikanin takardu nawa, bugun silif kwafi nawa, mai launi ko baƙi da fari, da abin da zai faru in shafin ya ƙi buɗewa. Shafukan sun fi cunkushewa a kwana biyun farko da kwanakin ƙarshe. Tsakiyar wa'adi, da sassafe, aikin da ke cin yini guda yakan ƙare cikin rabin awa. Abin da kake biya ladan aikin shago ne da data da wuta. Fom ɗin kansa kyauta ne a ɗaukar soja da 'yan sanda da hukumomin da ke ƙarƙashin CDCFIB, wato Sibil Difens, Shige da Fice, Gidajen Gyaran Hali da Kashe Gobara, kuma suna nanata haka a sanarwarsu. Ba a manta da 15 ga Maris 2014 ba, ranar da masu neman aikin Shige da Fice, waɗanda kowannensu ya biya Naira 1,000, suka mutu a turmutsitsi a filayen wasa na garuruwa da dama. Wanda ya ce maka akwai kuɗin fom ko na kati a irin wannan ɗauka, nasa yake nema.

Daga nan ne kuma wasu shagunan ke tsallakawa zuwa abin da ba aikinsu ba. Za a rage murya a ce akwai wani oga a Abuja mai gurbi, a ba da rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Takardar za ta fito kuwa, da tambari da sa hannu, don injin da zai buga ta yana nan a gabanka. Sai ranar da mutum ya je kama aiki ya tarar babu sunansa a ko'ina. Akwai kuma shafukan bogi da ake yaɗawa a WhatsApp, waɗanda wasu yaran shago ke cike wa mutane ba tare da sun duba ba, suna miƙa NIN da BVN ɗin jama'a ga wanda ba a sani ba. Shafukan hukumomin gwamnati galibi suna ƙarewa da gov.ng, na soja da mil.ng. A kwatanta adireshin harafi da harafi da wanda hukumar ta sanar a jarida ko rediyo. Babu mai ɗaukar aiki na gaskiya da zai tambayi lambar katin ATM ɗinka ko lambar da banki ya turo maka a waya.

Shagon da ya cancanci a koma masa shi ne mai sikana ta gaske, mai wutar da ba ta dogara da NEPA ba, wanda ke barin ka zauna kusa da allo, ba ya jin haushi in ka ce a koma baya a duba. Wanda ke da wayar Android mai ɗan ƙarfi zai iya rage dogaro da su ƙwarai: ya je sau ɗaya a yi wa duk takardunsa sikanin mai kyau, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, ta ɗan asalin ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC ko NECO, difloma ko digiri, ta bautar ƙasa ko ta yafewa, silif ɗin NIN da hoton fasfo mai farin bango, kowacce daban da sunanta, a tura masa a imel, ya adana a Google Drive. Daga nan yawancin fom zai iya cike su a ɗakinsa bayan sallar Asuba, ya je shago don bugu kawai.

Kafin ka tashi daga kujerar, a buga silif kwafi biyu, da fom ɗin mai tsaya maka in shafin ya bayar, ka ɗauki hoton lambar fom ɗin da wayarka. Ka tabbata an fita daga imel ɗinka, kuma burauza ba ta adana kalmar sirrin ba. Ka sa a goge takardunka daga kan kwamfutar, a kuma share kwandon shara, domin a irin waɗannan kwamfutoci za ka ga satifiket da silif ɗin NIN na ɗaruruwan mutane zube a fili, kowa ya zauna yana iya kwafa. Sannan ka ɗaga murfin sikana ka duba. Takardar asali da aka fi mantawa a shago ita ce ta ƙarshe da aka ɗora, tana kwance a kan gilashin.